Ɗan Kunkuru da Tsutsar Ciki: Me Ke Sa Ta Dawowa Bayan An Ba da Magani?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau shirin lafiyar dabbobin gida ya bar garken tumaki da akurkin kaji, ya leƙa wani lungu na tsakar gida inda ake ajiye dabbar da ba ta kuka, ba ta haushi, kuma ba ta nuna ciwo sai ya ci ƙarfinta. Kunkuru ke nan, musamman ɗan ƙarami wanda bai wuce shekara biyu ko uku ba.

Akwai ƙorafin da masu kiwonsa kan kai wa likitan dabbobi: "Likita, an ba shi maganin tsutsa ya warware, ga shi ko wata biyu ba a yi ba ta dawo." Wani ya zargi maganin, ya ce jabu ne. Wani ya sauya asibiti. Wani kuma ya ninka awon da aka rubuta masa da kansa, ya ƙara wa dabbar wahala. Amma sau da yawa maganin ya yi aikinsa. Abin da ya faru shi ne, an kashe tsutsar da ke cikin hanji, an bar ƙwayayenta birjik a ƙasar da kunkurun yake takawa, yake ci a kai, yake kwana a kai.

Ɗaya daga cikin kunkurayen da ake gani a gidajen ƙasar Hausa shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Mazauninsa na asali ya taso daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi da Sudan, har Habasha da Eritiriya. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabra. Namijin da ya gama girma yana iya doshin kilo 90, yana kuma iya wuce shekara 70 a raye. Amma ranar da ya fasa ƙwai ya fito, nauyinsa bai kai giram 50 ba, bai kuma cika tafin hannun yaro ba. A wannan ƙuruciyar ne tsutsa take iya yi masa illa mai tsanani.

A dajinsa ma ya yi ƙaranci. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. Duk wanda yake da ɗan kunkuru a gida, ya sani dabba mai daraja ce a hannunsa.

(Kiɗa)

Da farko, ya kamata a san cewa ba kowane abu mai rai da ke cikin hanjin kunkuru ne abokin gaba ba.

Waɗanda aka fi samu su ne 'yan ƙananan tsutsotsi farare sirara, waɗanda likitoci ke kira oksiyurid. Tsawonsu bai wuce 'yan milimita ba, suna zaune a babban hanji, kuma kusan duk kunkuru mai cin ciyawa yana ɗauke da su, na daji da na gida. Idan ba su da yawa, ba sa cutarwa. Wasu masana ma suna ganin motsinsu yana taimakawa wajen warware dunƙulen ciyawar da ke cikin hanji. Sai sun yi yawa ne suke zama matsala: su hana ɗan kunkuru amfana da abincinsa, su sa shi gudawa, wani lokaci su cushe hanji.

Sai manyan tsutsotsi dangin macijin ciki, waɗanda tsawonsu kan kai santimita 10. Waɗannan ba a yi musu uzuri. Kaɗan daga cikinsu sun isa toshe hanjin ƙaramin kunkuru, kuma akan ga ya amayar da su ko ya fitar da su a kashi.

Akwai kuma halittu masu ƙwayar rai ɗaya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Daga cikinsu akwai Nyctotherus da Balantidium, waɗanda galibi zaman lafiya suke yi da kunkuru. Akwai masu bulalar iyo, da kan yi yawa idan abinci ya lalace, su jawo zawo mai ruwa da wari. Ɗaya daga cikinsu, Hexamita, ya fi haɗari, don yakan bar hanji ya haura ƙoda. Sai koksidiya, wadda masu kiwon kaji suka san danginta sarai, da kuma Cryptosporidium, wanda har yau ba a da maganin da ke kawar da shi gaba ɗaya.

Kowane rukuni da maganinsa. Maganin da ke kashe tsutsa ba ya taɓa koksidiya, wanda ke kashe masu bulala ba ya taɓa macijin ciki. Shi ya sa mutumin da ya ga gudawa ya ɗauko maganin tsutsa ba tare da gwaji ba zai iya maimaita shi sau uku, ciwon yana nan, don tun farko ba tsutsa ce ta jawo shi ba.

To ta yaya tsutsar take dawowa? Galibin waɗannan halittu ba sa buƙatar sauro ko ƙuda ko katantanwa kafin su shiga wani jikin. Macen tsutsa tana zuba ƙwai a hanji, ƙwan ya fito da kashi, ya zauna a ƙasa, kunkuru ya haɗiye shi tare da ganye ko ruwa, ya ƙyanƙyashe a ciki. Zagayen ke nan, daga kashi zuwa baki.

A daji, kunkuru yana yin kashinsa ya wuce gaba. Yana kiwo a fili mai faɗi, ranar Sahel tana ƙona abin da ya bari a baya, ba lallai ya sake bi ta wurin ba sai bayan tsawon lokaci. A gida kuwa, an killace shi a wani ɗan wuri mai taku uku ko huɗu. Nan zai yi kashi, ya take shi da ƙafa, ya bi ta kan ganyen da aka zuba masa, ya shiga kaskon ruwa ya zauna, ya sake yin wani kashin a ciki, sannan ya sunkuyar da kai ya sha. Ga shi kuma ɗabi'arsa ce cin kashi, nasa da na wasu dabbobin. Kowace rana ƙwayayen ƙaruwa suke a ƙasar wurin, kuma ɓawonsu mai kauri ne, suna iya daɗewa da rai a inda ke da inuwa da laima. Ba da magani a mayar da shi wannan wurin daidai yake da wanda ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro ya koma ya kwanta a bakin kwata ba gidan sauro.

Akwai wani dangin ƙananan tsutsotsi ma da ake kira atraktid, waɗanda ba sa jiran ƙwai ya fita waje. Suna haihuwar 'ya'yansu a raye a cikin hanji, su girma a nan, su sake haihuwa. Idan magani ya bar ko kaɗan daga cikinsu, sai su sake cika hanjin ko da an wanke wurin tas.

(Kiɗa)

Alamomin da mai kiwo zai lura da su ba masu wuyar ganewa ba ne, idan dai yana kallon dabbarsa kullum. Kashin lafiyayyen kunkuru a dunƙule yake, baƙi-baƙi ko kore mai duhu, ana ganin zaren ciyawa a cikinsa. Idan ya koma ruwa-ruwa, ko ya fito da majina, ko jini, ko ganye ya fito yadda aka ci shi bai narke ba, to akwai magana. Haka idan ya rage cin abinci, ko yana ci amma ba ya ƙara nauyi, ko idanunsa suka faɗa, ko ya yini a lungu bai fito shan hantsi ba. Idan kuwa aka ga wani jan nama ya leƙo ta ƙarƙashin wutsiya ya ƙi komawa, wannan na gaggawa ne, a rufe wurin da tsumma mai tsabta mai laima a nufi asibiti a ranar.

Akwai abin da ke tsorata sababbin masu kiwo alhali ba ciwo ba ne. Kunkuru kan fitar da wani farin abu mai kauri tare da fitsarinsa. Ba tsutsa ba ce, ba kuma ƙwanta ba ne. Hanyar da jikinsa ke fitar da dattin ƙoda ke nan ba tare da ɓarnar ruwa ba. Sai dai idan farin abin ya zama tsakuwa-tsakuwa mai tauri, alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki.

Babban abokin aikin mai kiwo shi ne sikeli. Ƙoƙon baya yana ɓoye rama, ba a ganin haƙarƙari balle a ce ya faɗa. Ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram ya wadatar. A riƙa auna ɗan kunkuru sau ɗaya a mako, rana guda, lokaci guda, a rubuta a littafi. Wanda ke girma ya kamata lambarsa ta riƙa hawa, ko da a hankali. Idan ta tsaya cak makonni a jere, ko ta fara sauka, lokacin gwajin kashi ya yi.

Samun kashin gwaji kuwa da sauƙi, don kunkuru yana da wata ɗabi'a da ke taimakawa. Da hantsi, a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a roba mai tsabta, zurfinsa kada ya wuce haɓarsa, a saka shi ciki. Da farko zai shige cikin ƙoƙonsa. Can sai ya zuro kai, ya nutsa baki da hanci yana sha, ana ganin maƙogwaronsa yana motsi. Cikin minti 15 zuwa 20, sau da yawa zai ɗaga wutsiya ya saki kashi. Nan take a sa cokalin roba a kwashe, a zuba a kwalba mai murfi ko leda mai tsabta, a rubuta kwanan wata. Kashin da aka tsinta a ƙasa bayan ya kwana ba ya ba da sakamako mai kyau, don tsutsotsin ƙasa sun shige shi, masu bulalar iyo kuma sun mutu. A kai sabon kashin ɗakin gwaji cikin 'yan sa'o'i. Idan tafiya da nisa, a ajiye a wuri mai sanyi, amma kada a bari ya daskare.

A ɗakin gwaji, ma'aikaci yakan yi abu biyu. Zai ɗiga kashin kaɗan a kan gilashi da ruwan gishiri mara ƙarfi ya duba kai tsaye, don ya ga masu motsi suna iyo. Sannan ya dama sauran a ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, ya tace, ya bar shi ya tsaya. Ƙwayayen tsutsa sun fi wannan ruwan rashin nauyi, sai su taso sama su manne a gilashin da aka ɗora a baki. Daga siffar ƙwan ake gane irin tsutsar, daga yawansa ake gane nauyin cutar. Wannan aiki ne da asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, suke yi wa kashin shanu da tumaki kullum, kuma kayan aikin ɗaya ne. Abin tambaya a wurin likita biyu ne: wace iri ce, kuma yawanta ya kai a ba da magani?

Gwaji ɗaya da ya fito babu komai ba hujja ba ce ta ƙarshe, don tsutsa ba kullum take zuba ƙwai ba. Idan alamun ciwo suna nan, a sake kai wani kashin bayan 'yan kwanaki.

(Kiɗa)

Yanzu sai batun magani, kuma a nan ne ake son masu sauraro su kasa kunne da kyau.

Maganin da aka fi amfani da shi wajen tsutsar kunkuru shi ne fenbendazol, wanda ake sayarwa da sunan Panacur da wasu sunayen. Ta baki ake ba da shi, gwargwadon nauyin dabbar, kuma galibi likita kan sa a maimaita bayan mako biyu don a kama waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Ga misalin da zai nuna dalilin da ya sa ba a yin awon da ka. A ce likita ya zaɓi miligiram 50 ga kowane kilo, ɗan kunkurun kuma giram 60 ne. Rabonsa miligiram 3 ke nan. Ruwan maganin da ake ɗura wa shanu yana ɗauke da miligiram 100 a kowace mililita, wato rabon wannan ɗan kunkuru bai kai ɗigo ɗaya cikakke ba. Wanda ya cika murfin kwalba ya ɗura masa ya ba shi ninkin ba ninkin. Shi ya sa likita kan sirka maganin, ya auna da ƙaramin sirinji.

Fenbendazol ɗin ma ba a wasa da shi. A 2005, wani bincike da aka yi a Amurka a kan kunkurun Hermann na kudancin Turai ya nuna cewa ba da shi kwana biyar a jere, a sake wasu biyar bayan mako biyu, ya rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki. Don haka mai ɗura wa ɗan kunkuru magani duk wata "saboda ko-ta-kwana" yana raunana shi ne, ga kuma haɗarin tsutsar ta saba da maganin, kamar yadda ya riga ya faru a garken tumaki da awaki a ƙasashe da dama.

Haƙuri ma yana cikin magani. Hanjin kunkuru a hankali yake aiki, abinci kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya ratsa. A 2007, masu bincike a Jami'ar Messina da ke Italiya sun ba kunkurayen Hermann fenbendazol suna ƙirga ƙwayayen da ke cikin kashinsu, sai da aka yi kusan wata guda kafin ƙwan ya ɗauke gaba ɗaya. Wanda ya koma gwaji bayan kwana biyar ya ga ƙwai, zai zaci maganin bai ci ba, alhali bai gama aiki ba ne. Gwajin tabbatarwa yakan zo ne makonni 3 zuwa 4 bayan ɗurin ƙarshe.

Masu bulalar iyo kuwa, metronidazol ake ba su, wanda jama'a suka sani da Flagyl. Shi ma idan ya yi yawa yana taɓa jijiyoyi, a ga dabba tana karkata kai ko tana tangaɗi. Koksidiya tana da nata maganin daban.

Sai kuma maganin da ba a kusantar kunkuru da shi ko kusa: ivamektin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec. Magani ne mai albarka ga shanu da tumaki da awaki, shi ne kuma ake raba wa mutane don yaƙar makantar kogi, har ya sa William Campbell da Satoshi Omura suka sami kyautar Nobel a 2015. Amma a jikin kunkuru guba ne, yana shiga jijiyoyi ya shanye jiki. A 1983, likitoci biyu a gidan zoo na birnin Washington, Teare da Bush, suka ba da rahoton kunkuraye biyar 'yan Kudancin Amurka masu jan ƙafa da aka yi wa allurarsa sau ɗaya don kashe tsutsa. Duka biyar jikinsu ya saki. Huɗu suka mutu cikin kwana uku, ɗaya ne ya farfaɗo. Da suka gwada a kan wani kunkurun Afirka mai zanen damisa, sai suka ga ko kashi ɗaya cikin takwas na awon da ake yi wa saniya gwargwadon nauyi yana sa ƙafafunsa su yi sanyi.

Wannan gargaɗi ya shafi gidajenmu kai tsaye. A gidan da ake kiwon raguna, ranar da mai allura ya zo ya bi dabbobi ɗaya bayan ɗaya, abu ne mai sauƙi maigida ya ce, "Malam, ga ɗan kunkurun nan ma, a taɓa masa kaɗan." To kada a taɓa. Kuma tun da ivamektin ta kashi yake fita daga jikin dabba, kunkuru kuma yana cin kashin awaki, a nisanta shi da turke a makonnin da suka biyo bayan allura.

Akan ji ana ba da shawarar tafarnuwa ko 'ya'yan kabewa ko jiƙon darbejiya. Babu gwajin da ya tabbatar suna kawar da tsutsar kunkuru, kuma jiki mai giram 60 ba wurin gwada jiƙo mai ɗaci ba ne.

(Kiɗa)

Ranar da aka fara magani, a ranar ake fara aikin da ya fi maganin yawa, wato raba kunkuru da ƙwayayen da ya zubar.

A ɗauke shi daga mazauninsa a sa shi a babban baho na roba, a shimfiɗa tsohuwar jarida ko kwali a ƙasa, a sa masa ɗan wurin ɓuya da za a iya wankewa ko a jefar. Duk lokacin da aka ga kashi a kwashe nan take, a kuma sauya takardar kullum. Abinci a faranti ko a kan tayil, ba a ƙasa ba, abin da ya rage da yamma a zubar. Kaskon ruwa a wanke shi da sabulu kowace safiya, a ƙwara masa tafasasshen ruwa, a shanya a rana. Wankan ɗumi na kullum yana da riba biyu: yana ba shi ruwan sha, yana kuma sa yawancin kashin ya fita a cikin robar wanka maimakon wurin kwana. Ruwan wankan a masai ake zubar da shi, ba a gindin ciyawar da za a yanko masa gobe ba. A haka zai zauna har gwajin tabbatarwa ya fito da kyau.

Tsohon mazaunin kuma, a kankare ƙasar sama a kai ta nesa, a buɗe wurin rana ta dake shi makonni, sannan a zubo sabuwar ƙasa daga inda dabbobi ba sa kwana. Katako da tabarma da tsumman da kashi ya jiƙa, a ƙona su. Bilic yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba abin dogaro ba ne a kan ƙwan tsutsa da na koksidiya. Gogewa da sabulu, tafasasshen ruwa, da bushewa a rana sun fi tasiri. Magungunan wanke masai masu sinadarin fenol kuwa guba ne ga dabbobi masu jan ciki, kada a kai su wurin. Wanda ke da fili, ya raba shi gida biyu, kunkuru yana kiwo a ɗaya, ɗayan yana hutawa a rana.

Bayan tsabta sai ɗumi. Kunkuru ba ya samar da zafin jikinsa, daga rana yake ɗauka. Narkar da abinci da garkuwar jiki da aikin magani duk sun dogara da wannan zafin. Yana buƙatar wurin shan hantsi da zafinsa ya kai wajen digiri 35, da inuwa mai sanyi da zai koma idan ya ƙoshi. Kunkurun Sahel ba ya barcin hunturu irin na 'yan uwansa na Turai. A daji, rami mai zurfi yake haƙawa ya fake daga zafin rana da sanyin dare, kuma ramin yana riƙe laima. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da daren Kano ko Damagaram kan sauka ƙasa da digiri 15, ɗan kunkurun da aka bari a kan siminti a waje zai daina ci, cikinsa ya tsaya, tsutsa ta sami dama. A shigar da shi ɗaki da dare. Da rana kuma kada a bar shi cikin baho a tsakiyar rana babu inuwa, don zafi na iya kashe shi cikin ƙanƙanin lokaci.

Sai abinci. Wannan dabba ciyawa take ci, kuma ciyawa ya kamata ta zama mafi yawan abin da ke gabanta: kiri-kiri, guɗe-guɗe, harkiya, ɗanya ko busasshiya, a yayyanka wa ƙarami. A haɗa da ɗan ganyen rama ko yakuwa ko na kabewa. Kankana da mangwaro da ayaba yana son su ƙwarai, amma zaƙinsu yana sauya yanayin hanji, masu bulalar iyo su yi yawa, zawo ya biyo baya. Ragowar tuwo da shinkafa da burodi da wake da nama ba abincinsa ba ne. Ciyawar da aka yanko a bakin kwata ko gonar da aka yi wa feshi ma a guje ta, sauran kuma a wanke.

Hanya ta ƙarshe da tsutsa ke dawowa ita ce baƙo. Yaro ya ga wani kunkuru a kasuwa, ko aboki ya kawo kyauta daga ƙauye, a zuba su wuri ɗaya don su ɗebe wa juna kewa. Kunkuru ba ya kewa, shi kaɗai yake rayuwa a daji, kuma babba yakan hana ƙarami ci. Duk sabon da ya shigo gida a ware shi aƙalla wata 3, da kaskonsa daban, a gwada kashinsa, a duba hammatarsa da gindin wutsiya ko akwai kaska. Ba ƙaramin abu ba ne: a shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da kunkurun Sahel da wasu irin biyu na Afirka saboda kaskar da ke jikinsu tana iya ɗauke da cutar da ke tara ruwa a zuciyar shanu da tumaki. Idan kuma kunkuraye biyu suna zaune tare aka sami tsutsa a ɗaya, dukansu ake dubawa.

Idan an yi duk wannan, gwaji ya nuna 'yan ƙwayayen oksiyurid kaɗan, alhali ɗan kunkuru yana ci, kashinsa a dunƙule, sikeli yana hawa, likita zai iya cewa a bar shi haka, kuma daidai ne. Idan kuwa yana ta ramewa duk da tsabta da ɗumi da abinci mai kyau, sai a faɗaɗa bincike zuwa ƙoda da koksidiya da Cryptosporidium, ko yashi da tsakuwar da ya haɗiye suka cushe hanji. Bayan ya warke, gwajin kashi sau biyu a shekara ya isa, ɗaya a ƙarshen damina, ɗaya kafin ruwa ya sauka.

Akwai tambayar da iyaye kan yi: yara za su iya ɗaukar wannan tsutsar? Oksiyurid na kunkuru ba sa rayuwa a cikin mutum. Abin tsoron shi ne ƙwayar salmonela, wadda kunkuru ke ɗauke da ita a hanji yana lafiya lau, amma take sa mutum zazzaɓi da gudawa. Saboda ita ce Amurka ta hana sayar da kunkuru da kififiyar da ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba tun 1975, don ƙananan yara kan sa su a baki. Duk wanda ya taɓa kunkuru ko kaskonsa ya wanke hannu da sabulu. Kada a wanke kayansa a inda ake wanke kwanukan abinci, kada a bar shi yana yawo a madafa, kuma yaran da ba su kai shekara 5 ba, da masu juna biyu, da tsofaffi, kada a ɗora musu aikin kwashe kashinsa.

Masu sauraro, a nan lokaci ya cim mana. Mai tambaya a kan awon magani ya tafi wurin likitan dabbobi mafi kusa, ya riƙe littafin nauyi da sabon kashi a kwalba. 

(Kiɗan rufe shiri)